TSEREN DOGON ZANGO A KAN HANYA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da malamansu na ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, tun ba Badarawa da ƙauyukanta ba. Nufinsa ya bayyana wani wasa da ake yi shekara-shekara a manyan biranen duniya, har ya iso Nijeriya, watau tseren dogon zango a kan hanya, wanda waɗansu ke ce wa gudun famfalaki, waɗansu kuma gudun ya-da-ƙanin-wani. Za a faɗi asalinsa, da wuraren da aka yi shi a ƙasar nan, da dalilin da ya sa baƙi ke kwashe kyaututtukansa. Sa'an nan a bayyana abin da ya wajaba a kan Hakimi da malaminsa, in ƙasarsu ta yi niyyar shirya nata.

GUDU BA BAƘO BA NE

Gudu da doguwar tafiya a ƙasa tsofaffin abubuwa ne a ƙasar Zamfara. Kafin hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura cikin 1929, kafin kuma motoci su yawaita, ƙafa ce motar talaka. Manzon Sarki yakan tashi da takarda da asuba, ya sadar da ita a garin da mai kaya ba ya isa sai ya kwana a hanya. Zagage sukan yi sassarfa gaban dokin ubangidansu tun daga ƙofar gari har masauki. Mafarauta sukan yini suna bin nama da karnuka, yara kuma suna langa da tsere a dandali da farin wata. Sai dai duk wannan gudu ba wanda ya auna nisansa, ba wanda ya riƙe masa agogo, ba kuma wanda ya rubuta sunan gwaninsa. Makaɗa Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa doki waƙa saboda gudunsa, har yau ana tunawa da Dokin Iska, amma manzannin da suka ratsa dazuzzukan nan da ƙafa sunayensu sun tafi tare da su.

To, abin da ya raba tseren zamani da gudun da, shi ne hanyar da aka auna, da agogo, da littafin da ake rubuta sakamako, da kuma maimaita abin kowace shekara a lokaci guda. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, an yi taro kawai an watse, ba a san ko an ci gaba ba.

ASALIN TSEREN MARATON

Mafi shahara cikin irin wannan tsere shi ne maraton. Sunan wani gari ne a ƙasar Girka, inda Girkawa suka yi nasara a kan rundunar Farisa shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa. An ce wani manzo ya sheƙa da gudu daga can zuwa birnin Atina, nisan wajen kilomita 40, ya yi albishir da nasara, ya faɗi nan take ya mutu. Domin tunawa da wannan labari ne aka sa tseren cikin wasannin Olimfik na farko na zamani, waɗanda aka yi a Atina cikin 1896, wani Bagirke mai suna Spiridon Louis ya ci. Da shekara ta kewayo, cikin 1897, mutanen Boston ta Amurka suka fara nasu na shekara-shekara.

Da farko nisan ba daidai yake ba, kowane gari da nasa. Cikin 1908 da aka yi wasannin a Landan, aka tashi daga fadar Windsor zuwa filin wasa, nisan ya kama mil 26 da yadi 385, watau kilomita 42 da mita 195. Cikin 1921 aka tsai da wannan ya zama ƙa'ida ga duniya duka. Ban da shi akwai rabin maraton, kilomita 21 da 'yan kai, akwai kuma na kilomita 10 da na kilomita 5, waɗanda su ne suka fi dacewa da masu farawa.

Cikin 1960 a birnin Rum wani sojan Habasha, Abebe Bikila, ya ci maraton na Olimfik ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Ya sake ci a Tokyo cikin 1964, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde kuma ya ci na 1968. Tun daga nan mutanen Afirka ta Gabas suka yi kaka-gida a wannan fage. Mata sun shiga maraton na Olimfik cikin 1984, wata Bahabashiya, Fatuma Roba, ta ci na 1996. Cikin 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya gama nisan nan a Shikago cikin awa 2 da daƙiƙa 35, watau kowace kilomita guda bai cika minti 3 a kanta ba, har sau 42 a jere.

INDA AKA YI SHI A NIJERIYA

An kafa ƙungiyar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta Nijeriya cikin 1944, ita ce yanzu ake kira AFN. Cikin 1973 aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Ikko, watau Legas, inda jihohi ke gwada ƙarfinsu. Amma 'yan Nijeriya sun fi yin suna a gajeren gudu da tsalle. A dogon zango sunan da aka fi riƙewa shi ne na Abbas Mohammed, wanda ya wakilci Nijeriya a maraton na Olimfik cikin 1988, ya kuma yi awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6 a Legas cikin 1990. An shekara fiye da 30 ba a sami ɗan ƙasa da ya yi ƙasa da wannan lokaci ba. Tsakanin lokacinsa da na Kiptum akwai minti 15 da rabi, mai gudu kuwa a minti 15 yakan ci kusan kilomita 5.

Cikin 2013 aka fara tseren kilomita 10 a Okpekpe, wani ƙaramin gari mai tuddai a Jihar Edo, har hukumar guje-guje ta duniya ta ba shi lambar amincewa cikin 2015. Wannan ya nuna ba sai babban birni ke iya riƙe tsere ba. Ran 6 ga Fabrairu 2016 aka yi maraton na birnin Legas, daga babban filin wasa na Surulere, aka bi ta kan doguwar gadar nan ta bisa ruwa, aka ƙare a bakin teku. Abraham Kiptum na Kenya ya ci, ya tafi da dala 50,000, ya kuma komo ya sake ci cikin 2017. A Arewa kuwa, Gwamnatin Jihar Kaduna ta shirya rabin maraton a garin Kaduna ran 21 ga Nuwamba 2020, tare da na kilomita 10 da na 5. A nan ma 'yan Kenya suka cinye na maza da na mata.

Saboda baƙi suna cinyewa, masu shirya tseren Legas suka ware kyauta dabam domin 'yan ƙasa. Duk wanda ya duba sunayen masu cin wannan kyauta zai ga galibinsu mutanen Jihar Filato ne, irin su Iliya Pam, wanda ya zo na ɗaya cikin 'yan ƙasa a 2017 da 2018, da Emmanuel Gyang da Deborah Pam, waɗanda suka ci na 2020.

DALILIN DA YA SA BAƘI KE CI

Dalili na farko na ƙasa ne. Garin Iten na Kenya yana bisa tudu wajen mita 2,400 daga leɓen teku, garin Bekoji na Habasha ma ya fi haka. A irin wannan tudu iskar da mutum ke shaƙa ba ta ƙosar da jiki kamar ta ƙasa, saboda haka jikin mazaunin wurin yakan ƙara yawan ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. In ya sauko ƙasa yin tsere, sai ya ji numfashi ya wadace shi. Ga kuma sanyi, wanda ke barin mutum ya yi gudu mai nisa kullum ba tare da rana ta dafa shi ba. Jos tana wajen mita 1,200, shi ya sa mutanen Filato suka sami rabonsu na wannan fa'ida. Ƙasar arewacin Zamfara kuwa ba ta kai mita 500 ba, ga zafi. Wannan ba wanda zai iya sāke shi.

Dalili na biyu na tsari ne, shi kuwa yana hannun mutane. A Bekoji wani malamin wasanni na makaranta, Sentayehu Eshetu, shi ya horar da Derartu Tulu, wadda ta ci tseren mita 10,000 na Olimfik cikin 1992, da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, duk tun suna yara. A Iten kuma wani malami mutumin Ailan, Colm O'Connell, ya zo koyarwa makarantar St. Patrick cikin 1976, ya zauna yana horar da 'yan makaranta har da yawa suka zama zakarun duniya. A Kenya yaro yakan fara tsere a makarantarsu, in ya yi fice ya tafi na gunduma, daga can na lardi, har na ƙasa duka, kowace shekara ba fashi. Wanda ya zo Legas ya kwashi daloli ya riga ya hau wannan tsani mataki-mataki, an san lokacinsa tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba sai an je Kenya za a ga amfanin irin wannan tsari ba. A Jamhuriyar Nijar an fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa cikin 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Jihohi suna karɓar baƙuncin gasar bi da bi, kowace jiha tana tankaɗe da rairayar 'yan kokawarta tun daga ƙauye kafin ta aika da goma. Shi ya sa yaron Nijar zai iya lasafta maka sarakunan kokawa da shekarun da suka ci. Abin da aka yi wa kokawa ana iya yi wa gudu.

TSANIN GASAR

In za a kafa gasa ta shekara-shekara, daga ƙasa za a faro. Kowane Dagaci, tare da shugaban makarantar garinsa da Sarkin Samari, ya yi tseren share fage, ya fid da gwanaye shida. Waɗannan su taru a garin Hakimi a yi na gunduma. Gwanayen gunduma su tafi na masarauta, sa'an nan masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su haɗu a babban tsere, ana kewayawa, bana nan, baɗi can. Wanda ya yi fice a nan sai a miƙa sunansa da lokacinsa ga hukumar wasanni ta jiha a Gusau.

Kada a fara da maraton. Manya su yi kilomita 10, samari 'yan ƙasa da shekara 18 su yi 5, yaran firamare su yi 2 ko 3. Ko a wasannin Olimfik ba a yarda wanda bai kai shekara 20 ba ya shiga maraton. In an shekara uku ko huɗu ana yin na kilomita 10 lafiya, an kuma sami waɗanda suka saba, sai a ƙara rabin maraton. 'Yan mata na makaranta, in iyayensu sun yarda, a shirya musu nasu dabam a filin makaranta, malamai mata su kula da shi.

Domin gasar ta zama ta gunduma duka, ana lissafin maki kamar haka. Kowace gunduma ta sa mutum shida, a ɗauki huɗun da suka riga isowa, a haɗa lambobin matsayinsu, wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci. Misali, gundumar da mutanenta suka zo na 2 da na 5 da na 9 da na 12 tana da 28. Wadda nata suka zo na 1 da na 3 da na 14 da na 20 tana da 38. Ta farko ta ci garkuwa, ko da yake zakaran tseren ba nata ba ne. Ta haka Hakimi zai kula da samari da yawa, ba ya dogara ga gwani guda.

LOKACI DA RANA

Babban abokin gaban mai dogon gudu zafi ne. Jikin mai gudu yana ɗaukar zafi kamar injin mota, gumi ne ruwan da ke sanyaya shi. In rana ta yi tsanani gumi ya kāsa, sai zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, abin yana iya kai wa ga rasa rai. Cikin 2019 a Doha ta ƙasar Katar an tashi maraton na mata na gasar duniya da tsakar dare domin gudun rana, duk da haka cikin gwanaye 68 da suka tashi 28 ba su gama ba. Maraton na Olimfik na Tokyo, wanda aka yi cikin 2021, sai da aka ɗauke shi aka kai Sapporo ta arewacin Japan saboda zafi. In haka ta sami zaɓaɓɓun duniya, ina ga ɗan ƙauyen da bai saba ba?

A ƙasar nan zafin bazara, cikin Maris da Afrilu da Mayu, yakan wuce digiri 40, saboda haka ba a tsere a lokacin ko kaɗan. Da damina samari suna gona, hanyoyi kuma sun ɓaci. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da amfanin gona ya shiga rumbu, gari ya yi sanyi. A tashi da sassafe bayan sallar Asuba, da zarar gari ya waye ana ganin hanya, a gama kafin hantsi. Da sanyin safiya ake kama fara. In ranar ta zo da hazo mai kauri da ƙura, a ɗaga zuwa wani mako. Malamin Hakimi ya duba kalanda tun da wuri, domin watan azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kada ranar ta faɗo cikinsa. Kada kuma a sa ran Juma'a ko ran kasuwa. Ran Alhamis, da kasuwar Shinkafi ke ci, hanyoyi na motoci da dabbobi ne.

HANYA DA TSARO

Kowa ya san halin da hanyoyin wannan yanki suka shiga saboda 'yan bindiga, har cikin Satumba 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, aka yanke layukan waya a Jihar Zamfara. Saboda haka kada sha'awar a ce an yi gudu daga wannan gari zuwa wancan ta sa a jefa 'ya'yan mutane cikin daji. Tsere ba ya bukatar hanya miƙaƙƙiya. Ana iya fid da kewaye na kilomita 2 da rabi cikin gari, daga ƙofar Hakimi a bi ta makaranta da bakin kasuwa a komo, a kewaya sau huɗu, kilomita 10 ta cika. Irin wannan kewaye ya fi sauƙin tsarewa, ya fi sauƙin kai ruwa, jama'a kuma sun fi ganin wasan. Ba za a tsai da rana ba sai Hakimi ya shawarci shugaban 'yan sanda da sauran jami'an tsaro da ƙaramar hukuma. In sun ce a dakata, a dakata. Tsere yana jiran wata shekara, rai kuwa ba shi da na biyu.

Ana saura mako guda mai shela ya kewaya gari. Sarkin Tasha ya gaya wa direbobi da 'yan kabu-kabu sa'ar da za a rufe hanya da sa'ar da za a buɗe. A gaya wa Arɗo kada a ratsa da shanu, masu unguwanni su sa a ɗaure karnuka da awaki, a share ƙaya da fasassun kwalabe, gama da yawa cikin masu gudun ba su da takalmi. A kowace mararraba a tsai da dogari ko ɗan sanda da tuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

AWON HANYA

Agogon babur da wayar hannu ba su isa awo ba, sukan yi kuskure. Masu awo na duniya keke suke amfani da shi. Sukan auna miƙaƙƙen wuri na mita 300 ko fiye da tef na ƙarfe, su hau keke su bi shi suna ƙirga juyin ƙafar gaba, su san juyi nawa ke yin kilomita, sa'an nan su bi hanyar tseren ta gefen da ya fi gajarta, wanda mai gudu zai bi a kan kwana. Sukan ƙara mita 1 a kan kowace kilomita, domin kada hanyar ta gaza. Inda ba a sami gwanin wannan ba, a roƙi ma'aikacin safiyo na sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya auna sau biyu. A kafa turke ko a shafa fenti a kowace kilomita.

Amfanin wannan wahala a fili yake. In hanyar kilomita 10 ta gaza da mita 200 kacal, gwanin da ke cin kilomita cikin minti 3 da daƙiƙa 20 ya sami rangwamen daƙiƙa 40 da bai yi gudunsu ba. Ran da ya je Gusau ko Kaduna asiri zai tonu, a daina gaskata takardar gundumarsa. In an auna hanya an tabbatar, a riƙe ta kowace shekara, domin a iya gwada lokacin bana da na bara.

RUWA DA LAFIYA

Cikin 1904 a Sant Luwis ta Amurka an yi maraton na Olimfik cikin zafin rana a kan hanya mai ƙura, ruwan sha kuma ƙalilan. Mutum 32 suka tashi, 14 kaɗai suka gama. Ƙa'idar yanzu ita ce a ajiye ruwa a wurin tashi da wurin gamawa da kowace kilomita 5 ko kusa da haka. A ƙasa mai zafi irin wannan gara a sa a kowane kewaye. Ruwan ya zama mai tsabta, a rufe, na sha dabam, na zubawa a ka dabam. Mai gudu ya sha gwargwadon ƙishirwarsa, gama cika ciki da ruwa fiye da kima shi ma yana da lahani. A wurin gamawa a tanadi inuwa da tabarmi da ruwan gishiri da sukari.

Kafin ranar, malamin asibiti ya duba duk wanda aka rubuta. Mai zazzaɓi ko gudawa, da mai ciwon zuciya, da mai amosanin jini, watau sikila, da wanda ya taɓa sumewa yana gudu, kada a bar su su shiga, ko ɗan wane ne. Wanda bai yi aƙalla wata biyu yana gwaji ba shi ma ya jira baɗi. Mota guda ta bi bayan na ƙarshe da ma'aikacin lafiya a ciki. In aka ga mai gudu yana tangaɗi, ko yana sambatu, ko ya kauce hanya bai sani ba, a tsai da shi ko bai so ba, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, sa'an nan a garzaya da shi asibiti. Sanyayawar ita ce gaba da kome. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki.

Akwai kuma maganar ƙwaya. Waɗansu samari sukan sha tiramadol domin kada su ji gajiya, alhali ciwo da gajiya su ne masu gargaɗin jiki, wanda ya kashe su da ƙwaya yana iya gudu har ya faɗi. Hukumar duniya mai hana shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu 2024. Hakimi ya ja kunnen samari a gaban iyayensu, wanda aka kama kuma a soke sunansa.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Nauyin da ya fi kowane daɗewa yana kan malamin Hakimi, domin taro yana watsewa, littafi kuwa yana nan. Ya sami littafi mai bango mai ƙarfi, wanda ba a rubuta kome a cikinsa sai wannan. Kowane mai gudu a rubuta sunansa da na mahaifinsa, da garinsu, da shekarunsa bisa shaidar makaranta ko ta mai unguwa, da lambar da aka liƙa masa a ƙirji. Rage shekaru domin a sa babba cikin yara zalunci ne, malami kada ya yarda a yi shi da alƙalaminsa.

Ran tsere a sa masu agogo uku a wurin gamawa, mutum guda yana kiran lambobi bi da bi yadda suka iso, wani yana rubutawa. A wuri mafi nisa na kewayen a zaunar da wani malami ya riƙa rubuta lambar duk wanda ya wuce, kowane zagaye. Wanda lambarsa ba ta cika a takardar nan ba bai gama ba. Wannan ba zargi ba ne ga kowa, gama a tseren nan na 1904 wani mai suna Fred Lorz ya hau mota wajen mil 11, ya sauka ya shigo fili ana yi masa tafi kafin a gane. Kada kuma 'yan'uwa su riƙe mai gudu su ja shi. A Landan cikin 1908 Dorando Pietri na Italiya ya shigo fili shi ne na fari, ya yi ta faɗuwa, alƙalai suka tallafe shi har ya ƙetare layi, saboda wannan taimako aka ba na bayansa nasara.

Bayan an gama, malami ya rubuta kwanan wata, da sa'ar tashi, da yanayin gari, da sunan wanda ya auna hanya, da matsayi da lokacin kowa har na ƙarshe. Hakimi ya sa hannu. Kofi guda ya tafi fadar Sarki, guda ƙaramar hukuma, guda hukumar wasanni ta jiha. In malami ya bar aiki, ya miƙa littafin ga magajinsa hannu da hannu.

KYAUTA

A faɗi kyautar tun kafin ranar, a kuma bayar nan take a gaban jama'a. Alkawarin da ba a cika ba shi ke kashe gasa, gama wanda aka yi wa ba zai komo baɗi ba, zai kuma hana na bayansa. Gara kyauta kaɗan wadda za a iya yi kowace shekara, kamar keke ko takalman gudu ko kuɗin makaranta, da babbar da za a yi sau ɗaya a kāsa. Garkuwar gunduma ta kwana shekara guda a zauren Hakimin da ya ci, a zana sunan gundumar da shekarar a jikinta, ya komo da ita in shekara ta kewayo.

Ƙasar Badarawa ba ta da tuddan Kenya, amma tana da samari masu yini a gona da masu tafiya makaranta a ƙasa, ba a kuwa san iyakar abin da ke ƙafafunsu ba sai an gwada su da agogo a kan hanyar da aka auna. Hakimin da ya yi niyya ya fara da kiran Dagatansa da shugabannin makarantu tun da kaka, a shawarci jami'an tsaro, a fid da kewaye, a auna shi, malami ya buɗe littafi. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba ƙasa lafiya da kwanciyar hankali.